Yadda na gyara tirela ta da ke lilo a titi

Wannan ƴar tirelar ni da wani mai walda muka haɗa ta da ƙarfen angil da aksul (ƙarfen da tayoyi ke ɗaure a kai) na tsohuwar mota, don kwaso buhunan masara daga gona. In ba kaya, lafiya lau take bin mota, amma da na loda mata buhu shida na ɗan taka wuta sai ta fara lilo hagu da dama tana jan bayan motar, wallahi ranar farko sai da gabana ya faɗi.

Na zaci boris ne, na canza, na cika giris, na ƙara wa tayoyi iska, duk a banza kuɗina kawai suka tafi. Ashe aksul ɗin ne muka ɗaura a tsakiya cif, ni kuma don sauƙin sauke kaya a baya nake jibga buhunan, gaba ba nauyi sam.

Muka yanke muka matsar da aksul ɗin baya, kamar kashi 60 na bodin yana gaban taya yanzu. Lodi kuma daga gaba nake farawa, in ɗaure da igiya kar ya zame, yadda wajen kashi 10 na nauyin zai sauka kan mahaɗin mota. Jiya sahu uku na yi ko motsi ba ta yi ba.