Kurakuran Masu Zanen Labari Wajen Neman Salon Kansu

Yawancin yaranmu da suka tashi a Makka da Jidda sun koyi zane ne daga katun ɗin Japan da suka kalla a tashar talabijin ta Spacetoon, yanzu kuma ga mujallun Manga Arabia da aka fara fitarwa a 2021. Ba laifi, kowa da inda ya faro. Abin damuwar shi ne mutum ya yi shekara da shekaru yana zane, amma in aka cakuɗa aikinsa da na abokansa, ko shi sai ya duba sa hannu kafin ya ware nasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zana fuskar manga, wato irin ta zanen labarin Japan, haɓa mai tsini, hanci ɗan ɗigo, a shafa mata launin ƙasa a ce wai Bahaushe ne. Sam ba ya kama. Ɗauki ƙaramin littafi ka zauna bakin shago a Shara Mansur da ke Makka bayan la'asar, ka riƙa zana masu wucewa, kowanne cikin minti ɗaya ko biyu. In fuskar mutum za ka zana gaba da gaba, nemi izininsa. Mata kuwa tsaya kan 'yan gidanku. Duba faɗin hanci, kaurin leɓe, yadda hula ke zama a kan dattijo, da inda haske ke sauka a baƙar fata: goshi, saman kumatu, doron hanci. Waɗannan wurare ka bar su da haske, in ba haka ba fuskar ta cushe, fararen idanu kaɗai za a gani. Abin da idonka ya zaɓa ya ƙara wa girma, da abin da ya watsar, daga nan salonka zai fito.

Sai masu fakewa da jallabiya da abaya don kada su zana jiki, kullum hannu na aljihu ko bayan baya. Fara zana jikin da fensir sama-sama, sannan ka sa masa kaya. Jallabiya tana zubowa ne daga kafaɗa, babbar riga mai sitati kuwa karyewa take yi, ta tattaru a kafaɗa in an naɗe ta.

Yawan sauya manhaja, yau ibisPaint gobe Procreate, shi ma ɓata lokaci ne. Riƙe burushi ɗaya har ka gama labari guda.

Akwai kuma matsalar da ta fi kama mu mazauna nan. Larabci da manga daga dama ake karanta su, Hausar boko daga hagu. Sai ka ga an jera akwatunan shafi daga dama, maganar ciki kuma da boko, mai karatu ya riga ganin amsa kafin tambaya. Yanke shawarar ɓangaren da za a fara karantawa tun shafin farko. Rubuta maganar kafin ka kewaye ta da da'ira, kuma gwada font ɗinka, wato samfurin haruffan da kake amfani da shi, da ɓ, ɗ da ƙ, don da yawa ba su da su. In babu, rubuta da hannunka.