Accuse, charge, blame: kowacce da 'yar rakiyarta

Jama'a in kuna koyon kalmomin zargi na Turanci, kar ku haddace kalma ita kaɗai, ku haɗa da 'yar ƙaramar da ke binta.

Accuse of. Charge with. Blame for.

Ku yi ta maimaitawa a haka kamar karatun allo, baki zai saba, ranar WAEC ba sai kun tsaya tunani ba. Wallahi accuse for ya sha cinye min maki kafin na gane.

Kuma accuse kowa na iya yi, ko maƙwabcinka, charge kuwa na hukuma ne, tuhuma ce da za ta kai mutum kotu.

Amma fa ku kula, akwai charge for, shi maganar kuɗi ce, cajin mai shago, babu ruwansa da laifi.