Yadda za ka ga zanen bango a Birnin Zariya

In ka shiga Zariya, ajiye mota a Ƙofar Doka ka taka da ƙafa. Ni da hantsi nake fita, don a lokacin rana na bugun bango a kaikaice, zanen ya fito raɗau.

Bi lungu, ka riƙa ɗaga kai sama da ƙofar zaure, ƙasan zankwaye. Nan magina suke zuba gwanintarsu. Dagi kowa ya san shi, amma ka natsu: a tsofaffin gidaje akwai takobi, agogo, har keke an fitar da laka. Keken nan ya fi burge ni, domin mai gidan ne ke shaida wa duniya abin da ya mallaka a zamaninsa.

Kada ka ɗaga waya don ɗaukar hoto kafin sallama. Gaida dattawan da ke ƙofar gida, ka ce, "Baba, wa ya yi wannan aikin?" Sau da yawa su za su nuna maka gidan da ya fi.

Sannan ka nufi wajen Masallacin Juma'a kusa da fada. A da, ko da yake sabon gini ya lulluɓe tsohon masallacin, bakan gizon (lanƙwasassun ginshiƙan laka masu riƙe rufi) da magini Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura wajen shekarun 1830 yana nan a ciki, kafin wani sashe na masallacin ya rufta a 2023.