Yadda Ake Zaɓen Aikatau na Gudu da na Ƙara a Turanci

Idan Bahaushe zai kwatanta saurin mota, sai ya ce ta wuce fuu. Aikatau daban, amo daban. Turanci kuwa cusa amon yake yi a cikin aikatau ɗin, sannan ya ɗora wa wata 'yar kalma aikin nuna hanya. Dubi *The car whizzed past*: *whizzed* ita ce fuu ɗin, *past* ita ce wucewar. Saboda haka yawanci ba a barin irin waɗannan aikatau su kaɗai idan ana nufin tafiya. Ka biyo su da *past*, *off*, *out*, *across* ko *through*. *He dashed the road* kuskure ne, *He dashed across the road* ake cewa. Kuma ba sai ka ƙara *quickly* ba, saurin yana cikin kalmar.

Kafin ka zaɓa, tambayi kanka: me ke tafiyar, me ya sa, kuma ana jin ƙararsa? *Dash* na mutum ne mai gaggawa a ɗan gajeren zango, kamar wanda ruwa ya tsuge masa ya ruga cikin gida. *Dart* ya fi shi gajarta, motsi ne na wuf, irin na ƙadangare ko ƙaramin kifi da zai shige ƙarƙashin dutse kafin ka ƙifta ido. *Bolt* gudun firgita ne, na dokin da ya tsinke ko ɓarawon da ya ji motsi, sai dai kalmar tana kuma nufin sa wa ƙofa sakata, don haka ka duba abin da ya biyo ta. *Zoom* ya fi dacewa da abu mai inji. *Whizz* na abin da ya gifta kusa da kai har ka ji iskarsa, harsashi ko keke a gangara. *Whoosh* kuma iskar ce kanta, ko ruwan da ya kwararo gaba ɗaya.

Wajen ƙara, rabon farko tsakanin s da z ne. Ɗora yatsa a maƙogwaro ka ja sss, ba za ka ji komai ba. Ja zzz, za ka ji yana rawa. *Hiss* na ɓangaren s ne: hucin maciji, iskar taya da ƙusa ta huda, tururin da ke fita ta ƙaramar kafa. *Buzz* na ɓangaren z: ƙudan zuma, ƙuda, wayar da ke ɓari a kan tebur. *Hum* ƙara ce ƙasa-ƙasa mai ɗorewa, irin ta firji da dare, ko rera waƙa baki rufe. *Whirr* na abu mai juyawa ne, kamar fanka. *Fizz* kumfar lemon kwalba ce da aka buɗe, *sizzle* kuwa cuu ɗin abin da aka jefa cikin mai mai zafi.

Ga inda da yawa ke tuntuɓe. A Turancin Afirka ta Yamma ana amfani da *hiss* a madadin tsaki, amma mutumin Ingila ko Amurka da ya karanta *She hissed* ba tsaki zai fahimta ba. Zai ɗauka ta yi magana ne ƙasa-ƙasa cikin fushi, haƙora a cije. Idan da su kake magana, tsaki shi ne *She sucked her teeth*.

Rubutun ma da dokarsa. Waɗanda suka ƙare da s, z ko sh suna ɗaukar -es bayan *he*, *she* ko *it*: *hisses*, *buzzes*, *dashes*. Gajerun da suka ƙare da wasali 1 da baƙi 1 suna ninka baƙin kafin -ed ko -ing: *hum* ya koma *hummed*, *zip* (giftawa da sauri) ya koma *zipping*. Ingila ta fi rubuta *whizz* da *whirr*, Amurka *whiz* da *whir*, amma dukansu *whizzed* da *whirred* suke rubutawa.

Sai furuci. Kada ka karanta -ed a matsayin gaɓa ta daban sai bayan t ko d, kamar *darted* da *bolted*. *Hissed* da t ake rufe ta, *buzzed* da d, kowace gaɓa 1 ce tak. Wajen *fizz*, haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, domin f ɗin Hausa da leɓɓa biyu ake yin ta, kuma tana iya sa mai sauraro ya ji kamar *his* ka ce. A *zip* kuwa leɓɓan su haɗu su rufe ruf, in ba haka ba zif za ta fito.