Yadda ake duba lafiyar murjani da katin CoralWatch

Masu ninƙaya da nutso na sa-kai sun sha tambayata yadda ake amfani da katin launuka na CoralWatch, shirin da Jami'ar Queensland ta Ostareliya ta ƙirƙiro a 2002. Murjani halitta ce ta cikin teku, kuma ana gane lafiyarsa ta hanyar gwada launinsa da launukan da ke kan katin. Ga matakan:

1. Ka tanadi katin, da allon rubutu na cikin ruwa, da fensir.
2. Ka rubuta sunan wurin, kwanan wata da zurfin ruwan.
3. Ka zaɓi murjani ba tare da son rai ba, domin wanda ya bi masu kyau kaɗai ya ɓata lissafin.
4. Ka kusantar da katin, amma kada ka taɓa murjanin, don abu ne mai rai.
5. Ka nemo ɓangaren da ya fi haske, ka gwada shi da launukan katin, ka rubuta lambar launin da ya fi kama da shi, daga 1 zuwa 6. Hattara, a nan aka fi kuskure: ƙarshen rassan murjani fari ne tun asali saboda nan yake tsirowa, don haka a tsallake shi.
6. Ka rubuta lambar ɓangaren da ya fi duhu.
7. Ka rubuta siffarsa: mai rassa, dunƙulalle, mai faɗi kamar faranti, ko mai laushi.
8. Idan zurfin ya wuce mita 5, ka haska tocila, domin launi yana dusashewa a can.
9. Ka maimaita har murjani 20.
10. Bayan ka fito, ka shigar da sakamakon a shafin CoralWatch na intanet.