Yadda ake amfani da na'urar hana rawar hoto a kyamara

Babu hannun da ke tsayawa cak. Ko ka ɗauke numfashi, ko ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, akwai 'yar makyarkyatar da ido ba ya gani amma kyamara tana gani. Sai ka ɗauki hoto da yamma liƙis, ka leƙa ƙaramin allon bayan kyamara ka ga ya yi fes, da ka buɗe shi a kwamfuta ka tarar komai ya yi dishi-dishi kamar tawadar da aka shafa kafin ta bushe. Don maganin wannan aka ƙirƙiro na'urar hana rawar hoto. Tana aiki ƙwarai da gaske, sai dai mutane da yawa suna ɗora mata kayan da ba nata ba, daga baya su ce ba ta tsinana komai. Ga yadda za ka ci moriyarta.

Na farko: gano wace iri ce a hannunka

Iri uku ne. Ta farko tana cikin gilashin kyamara. Akwai wasu ƙananan na'urori da ake kira jairo, waɗanda ke jin duk wata karkata da kyamara ta yi. Da sun ji, sai maganaɗisu ya tura wani rukunin gilashi da ke lilo a ciki, ya maido da haske daidai inda ya kamata ya sauka. Nikon ya fara saka wannan a wata ƙaramar kyamarar fim a 1994, Canon kuma ya fitar da gilashin 75-300mm mai irin wannan na'ura a 1995. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa mata: Canon na rubuta IS, Nikon VR, Sony OSS, Sigma OS, Tamron VC, Panasonic da Fujifilm kuma OIS. Ka duba jikin gilashinka, in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan haruffa, to kana da ita.

Ta biyu tana cikin jikin kyamarar kanta. A nan ba gilashi ke motsi ba, sensa ce, wato farantin da haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Minolta ce ta kawo wannan a 2003 a kyamarar DiMAGE A1. A 2012 Olympus ta fito da kyamarar E-M5 mai gyara motsi ta fuska biyar, Sony ta biyo baya a 2014 da A7 II mai babbar sensa. Fuskokin biyar su ne sunkuyawa da ɗagowa, waiwaye hagu da dama, zamewa gefe, zamewa sama ko ƙasa, sai murɗawa. Wannan ta ƙarshen, wadda takan faru idan ka danna maɓalli da ƙarfi gefe ɗaya ya nutse, gilashi ba ya iya gyara ta. Gilashi abu ne zagayayye, ko ka juya shi hoton da ke ratsa shi ba ya juyawa. Sai sensa. A ɗaya ɓangaren kuma, idan gilashi dogo ne mai janyo nesa, na cikin gilashin ya fi ƙarfi, domin sensa ba ta da filin da za ta zame ta cimma irin wannan rawa. Shi ya sa kyamarorin yanzu suke haɗa biyun su yi aiki tare.

Ta uku ta lissafi ce kawai, babu abin da ke motsi. Kyamara tana yanke gefunan hoto, ta riƙa zamar da abin da ya rage don ya zauna wuri ɗaya. A bidiyo take da amfani. A hoton tsaye kada ka sa rai da ita sosai.

Na biyu: yi lissafin saurin shota

Shota ita ce ƙyauren da ke buɗewa haske ya shiga sannan ya rufe. Iya daɗewarsa a buɗe, iya rawar hannun da za ta shiga hoto. Masu hoto na da wata tsohuwar ƙa'ida tun zamanin fim: ka ɗauki tsawon gilashinka a milimita, wato lambar da aka rubuta a jikinsa da mm, ka sa shi ƙarƙashin ɗaya. Gilashin 50mm yana son 1/50 na sakan ko abin da ya fi haka sauri. Na 200mm yana son 1/200. Idan sensarka ƙarama ce, sai ka ninka tsawon tukuna: girman sensar da ake kira APS-C sau 1.5, ko 1.6 a na Canon, wanda ake kira Micro Four Thirds kuma sau 2. Ke nan gilashin 50mm a kan APS-C yana neman wajen 1/80.

Ƙarfin na'urar hana rawa ana auna shi da abin da ake kira sitop. Sitop ɗaya yana nufin za ka iya barin shota a buɗe ninki biyu na lokacin da. Ɗauki gilashin 200mm mai sitop huɗu: daga 1/200 ka sauko 1/100, sai 1/50, sai 1/25, sai 1/13. Wato hasken da ke shiga ya ninku sau goma sha shida, ba tare da ka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, hoto ya cika da yashi-yashi ba. Nan ribar take.

Amma lambar da ke jikin kwali ta ɗakin gwaji ce. Ana samun ta ne bisa ma'aunin CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, inda ake ɗora kyamara a kan injin da ke girgiza ta, a wani tsawon gilashi da aka zaɓa. Injin ba ya gajiya, ba ya haki bayan hawan bene, iska ba ta kaɗa shi. Ni dai nakan cire sitop ɗaya ko biyu daga duk abin da aka rubuta kafin in amince. Wani abin mamaki ma, jairon ya kai yana jin juyawar duniya kanta, wadda ke yin digiri 15 a kowace awa. A 2016 Olympus ta ce wannan ne ya tsayar da ita a sitop shida da rabi. Ba a daɗe ba aka tsallake wannan iyaka, har Canon ta yi iƙirarin sitop takwas a kyamarar R5 a 2020.

Na uku: tambayi kanka wane ne ke motsi

A nan aka fi yin tuntuɓe. Na'urar tana gyara motsinka ne kai mai riƙe da kyamara, ba ruwanta da motsin abin da kake ɗauka. Idan ka sauko 1/13 kana ɗaukar yaro yana gudu, bango da ƙofa da kujera za su fito tas, yaron kuma ya zama kamar hayaƙi. Mutumin da ke zaune yana hira yana buƙatar kamar 1/60 zuwa 1/125. Mai tafiya 1/250. Mai gudu 1/500 zuwa sama. Tsuntsu a sararin sama 1/1000 ko 1/2000. In hasken bai kai ba, ka buɗe bakin gilashi ko ka ɗaga ISO. Hoto mai ɗan yashi ana iya gyara shi a kwamfuta, wanda ya shafe kuwa ya tafi ke nan.

Inda na'urar take nuna bajinta shi ne abin da ba ya motsi: gini da daddare, cikin ɗaki mai ƙarancin haske, dutse da bishiyoyi bayan faɗuwar rana. Har ma za ka iya yin wasa da ita, ka ɗauki ruwa yana gangarowa a 1/4 na sakan, ruwan ya yi laushi kamar auduga duwatsun gefe kuma su tsaya daram.

Na huɗu: ba ta lokaci, ka kuma taimake ta

Kunna ta daga ɗan maɓallin jikin gilashi, ko daga jerin saitunan kyamara. Sannan kada ka ɗaga kyamara ka danna nan take. Danna maɓalli rabi, ka jira kamar rabin sakan zuwa sakan ɗaya har ka ga hoton ya lafa a tagar leƙe, sannan ka ƙarasa a hankali. Tafin hannun hagu ya tallafi gilashi daga ƙasa, gwiwoyin hannu su manne a jiki, kyamara ta jingina da goshi. In da bango ko ginshiƙi kusa, ka jingina. Idan ka rage saurin shota sosai, ka saita kyamara ta ɗauki uku ko biyar a jere. Sau da yawa na tsakiya ne ke fita, saboda a lokacin yatsa ya gama motsi.

Na biyar: gwada hannunka

Wannan ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, shi ne kuma ake tsallakewa. Ka manna takarda mai ƙananan rubutu a bango, ka ja baya 'yan taku. Sa kyamara a S, ko Tv idan Canon ce, domin kai ka riƙa zaɓar saurin shota. Kashe na'urar, ka fara daga saurin da ƙa'idar can ta ba ka, ka ɗauki hoto goma. Sauko sitop ɗaya, ka ƙara goma. Ci gaba da haka har hotunan su lalace. Sai ka kunna na'urar ka maimaita daga farko.

Kada ka yanke hukunci a ƙaramin allo. Kwashe su zuwa kwamfuta, ka buɗe kowanne a cikakken girmansa, ɗari bisa ɗari, ka ƙirga nawa ne rubutun ya fito sarai. Saurin da ya ba ka takwas cikin goma shi ne iyakarka ta gaskiya. Rubuta shi. Idan gilashinka mai zuƙowa ne, ka gwada gajeren ƙarshen da dogon daban-daban, don ba za su zo ɗaya ba. Kyamara mai megafiksel da yawa, wato mai yawan ɗigogin da ke haɗa hoto, kuma ta fi tona asirin hannu, domin rawar da za ta ɓuya a 12 ba za ta ɓuya a 45 ba. Da zarar ka san lambarka, ka je saitin ISO mai sarrafa kansa ka sa ta a matsayin mafi ƙarancin saurin shota, ka huta da tunani.

Haka kuma in kana ɗaukar ƙananan abubuwa daf da gilashi, kamar ƙwaro ko fure, ƙarfin na'urar yana raguwa sosai. A kusa, zamewa ce ke ɓata hoto fiye da karkata, ga kuma lilon jiki gaba da baya wanda babu na'urar da ke gyara shi.

Na shida: san lokacin kashewa da lokacin canza salo

Idan ka ɗora kyamara a mazauni mai ƙafa uku ka ɗaure ta tamau, kashe na'urar. Tsofaffin gilasai, in ba su ji rawa ba, sukan shiga farautar wadda babu, su riƙa yawo da hoto su kawo dishi-dishin da aka sa su hana. Sabbi da yawa suna gane an ɗaure su, amma ga hoton dare mai ɗaukar sakan goma ko talatin, kashewa ta fi kwanciyar hankali. Ka sa jinkirin sakan biyu don kada yatsanka ya girgiza ta. A kan sanda mai ƙafa ɗaya kuwa, bar ta a kunne.

In kana bin mota ko keke da kyamara don abin da ke bayansu ya shafe su kuma su fito, na'urar za ta ɗauka kuskure kake yi ta riƙa ja da kai. A dogayen gilasan Canon ka mayar da maɓallin salo zuwa lamba 2, wadda ke barin motsin da kake yi da gangan ta gyara na ɗaya fuskar kawai. Lamba 3 ba ta aiki sai daidai lokacin ɗauka, ta dace da wasanni. A Nikon, saitin da aka rubuta Normal yana gane bin abu da kansa, Active kuma na wanda ke cikin mota ko jirgin ruwa ne.

Mai ɗaura tsohon gilashi marar lantarki a kan sabuwar kyamara, dole ya shiga saituna ya rubuta tsawonsa da hannu. Kyamara ba ta da hanyar sani. Ka bar ta a 200mm alhali 35mm ka ɗaura, gyaran zai wuce kima, hoton ya fi na marar na'ura muni. Duk sanda ka canza gilashi ka tuna ka canza lambar.

A bidiyo, na'urar tana kwantar da hoton mai tsaye wuri ɗaya, amma ba ta shanye taku. Mai tafiya yana ɗauka sai ya nemi gimbal, wato mariƙin da ke daidaita kyamara, ko ya ƙara da ta lissafin nan ya haƙura da yankan gefe. Da gilashi mai faɗi sosai kuma za ka iya ganin kusurwoyi suna lanƙwasa kamar roba. In ka ga haka, ka ɗan zuƙo kaɗan ko ka rage ƙarfin gyaran.

Abu biyu ƙanana da ke tsorata sabon shiga. Idan kyamara a kashe take ka ji wani abu yana ƙwal-ƙwal a ciki, yawanci sensa ce ko rukunin gilashin da maganaɗisu ya sake, ba lalacewa ba ce. Sannan kada ka cire gilashi kana jin 'yar ƙarar na'urar. Ka kashe kyamara, ka ba ta sakan biyu ko uku ta yi shiru, sannan ka murɗe shi.