Abin da ke kashe mana bishiyoyin inuwa tun suna ƙanana

Duk shekara in damina ta kankama zaka ga mutane da dashen mangwaro da gwaiba da darbejiya a bayan mashin, kowa da niyyarsa mai kyau, amma kafin watan Afrilu ya ƙare da yawansu sun bushe sun koma sanda. Sai kaji ana cewa ƙasar ce bata da kyau. Wallahi yawanci ba ƙasar bace, mu ne bama lissafin rani.

Bishiya mai faɗin ganye ta ganyen nan take zubar da ruwa, ko da yaushe yana fita kana gani ko baka gani, shi yasa ayaba da gwanda da ƙaramin mangwaro suke saurin yin yaushi in iskar hunturu ta taso, bagaruwa kuwa da aduwa masu ƙananan ganye ko a jikinsu. To kaga mutum ya kai Satumba sannan yayi dashe, ruwa saura kaɗan ya ɗauke, saiwa bata kama ƙasa ba hunturu ya iso. A yi dashe a Yuli lokacin da ruwa ya zauna, ko farkon Agusta, da yamma ko ranar da akwai hadari, dashen ya samu wata biyu zuwa uku yana shan ruwan sama.

Sai ramin. Wasu fartanya biyu zasu sara su cusa dashen har da ledarsa! Leda bata ruɓewa, saiwa zata dinga zagaye a ciki tana naɗewa har ta shaƙe kanta. A yanka ledar da reza a hankali kar ƙasar jikin saiwar ta warwatse. Rami kuma ya kai kamar santimita 60 zurfi da faɗi, a gauraya ƙasar sama da takin gargajiya wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona saiwa kuma yana jawo gara. In mangwaro mai aure ne, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a jikin wani dashen, wurin auren nan dole ya tsaya sama da ƙasa, kuma duk tsiron da ya fito ƙasa da shi a cire, in ba haka ba shi zai rinjaye ka wayi gari da mangwaro mai zare bayan ka biya kuɗin mai aure. Furen da ya fara fitarwa a shekarar farko ma a tsinke shi, na san akwai ciwo amma gara ya gina jiki tukuna.

Wanda yafi damuna shine ban ruwa. Ana zuwa da buta a ɗan yayyafa kullum, saman ƙasa ya jiƙe kawai, saiwa ta saba zama a sama, ranar da aka yi tafiya ta kwana huɗu shikenan. Gara ka zuba bokiti guda cikakke sau biyu ko uku a sati ya ratsa ƙasa sosai, saiwar ta bi shi ƙasa. Ka yi ɗan kwano a gindin ka rufe da busasshen ganye ko ciyawa, amma kar ya taɓa jikin itacen saboda gara. Ganyen da muke sharewa muna ƙonawa kullum da safe shine maganin. Kuma don Allah a daina juye ruwan wanki mai omo a gindin ƙaramin dashe. Gwanda ita kuma akasin haka ne matsalarta, in ruwa ya kwanta a gindinta kwana biyu saiwar ta ruɓe, sai a dasa ta a ɗan tudu.

Awaki kam ba sai an yi dogon bayani ba. In baka da shinge kar ma ka fara. Ƙaya, tsohon kwando, bulo da aka jera da ƙofofin iska, duk suna yi, kuma a barshi har bishiyar ta fi ƙarfin bakin akuya.

Akwai kuma kuskuren da sai bayan shekara goma ake gane shi, wato wurin da aka dasa. Durumi da ceɗiya da gamji inuwarsu babu irinta, shi yasa kake ganinsu a ƙofar fada da dandali da bakin kasuwa, amma saiwarsu neman ruwa take ko'ina, ta fasa katanga, ta shiga masai, ta ɗaga siminti. Waɗannan na fili ne, ba na tsakar gida mai ɗaki uku ba. Mangwaro yana son kamar mita 10 tsakaninsa da ɗan'uwansa. Kuma a ɗaga kai a duba wayar wuta kafin a haƙa rami.

Mutane kuma suna sare abin da bai mutu ba. Kuka tana zubar da ganyenta kaf da rani, haka Allah ya yi ta, tana tanadin ruwa ne. Ka ɗan kankare ɓawon reshe da farce, in kaga kore a ciki tana raye, ka ƙyale ta. Haka kututturen kalgo ko sabara da ke tohowa a gona, maimakon a sassabe a banka wuta a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a barsu a cire sauran. Da wannan dabarar manoman yankin Maraɗi suka dawo da itatuwa gonakinsu tun daga shekarun 1980, domin saiwar tana nan a ƙasa da tsufanta, bata buƙatar ban ruwa.

In kuma wurinka ruwa wahala yake, ka fara da darbejiya. Daga Indiya aka kawo ta amma ta karɓi ƙasarmu, dubi titunan Maiduguri, a kwarin Majiya na Nijar ma da ita aka yi layukan tare iska tun 1975. In ta tsallake raninta na farko da na biyu kusan ta daina buƙatar kulawarka, sai mangwaron ya biyo baya a gefen da rijiya take.